Me zai hana a koyar da Sifaniyanci a Ƙaura Namoda?

Ayar da ake nomawa a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, wadda 'yan kasuwar arewacin Zamfara suka saba gani cikin buhuna, ba duka ake cinye ta a ƙasar Hausa ba. Wani kaso nata yana bin tirela zuwa bakin teku, ya hau jirgin ruwa, ya sauka a lardin Balensiya na ƙasar Sifaniya. Can ma jiƙa ta ake yi, a markaɗa, a tace, a zuba sukari, a sha da sanyi. Bahaushe ya ce kunun aya, su kuma suka ce horchata de chufa. Mutanen Balensiya suna noma tasu ayar, amma ba ta wadatar da masana'antunsu, don haka suke cikewa da ta Afirka ta Yamma.

Zoɓo ma haka labarinsa yake. Ƙasar Meziko tana sahun gaba cikin masu sayen busasshen zoɓon Najeriya, domin abin sha ne na yau da kullum a wurinsu, suna kiransa jamaica. A shekarun baya, da hukumomin Meziko suka dakatar da shigar da shi saboda ƙwarin da suka ce sun gano a cikin kaya, manoma da 'yan kasuwar Jigawa da Kano da Katsina sun ji a jikinsu, kuma an ɗauki shekaru kafin a sasanta. Ga kuma fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Italiya da Sifaniya ke cikin manyan masu sayenta.

Duk wannan kaya daga hannun Bahaushe yake fita. Amma maganar da ke biye da shi, wato cinikin farashi, da takardar yarjejeniya, da ƙorafin mai saye idan kaya ya isa da danshi, da bakin wani ake yin ta. Dillali ne a Legas ko Kwatano yake karɓar saƙo, ya fassara abin da ya ga dama, ya riƙe lambar mai saye a aljihunsa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, to amma wanda bai iya bakin mutanen da zai je wurinsu ba, dole ya yi aike.

A Ƙaura Namoda akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, kuma ita ce babbar makarantar da matasan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suka fi kusa da ita. Garin kansa tun asali na fatauci ne: nan layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya a 1929, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga da taba. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa ta daɗe tana haɗa fatake daga Nijar da kudancin Najeriya. Yankin da rayuwarsa ta ginu kan hulɗa da baƙi ya cancanci a tambaya: wane harshen waje ake koya wa ɗalibansa, kuma ta wace hanya?

Harshen da bai shiga jadawali ba

Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a matsayin harshen uwa. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, mafi yawansu a nahiyar Amurka, kuma Meziko ce ta fi kowace ƙasa yawan masu magana da shi. A Amurka kanta fiye da mutum miliyan 40 ne ke yin sa a gida. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma cikin harsunan aiki na Tarayyar Afirka.

Abin da mutane da yawa kan manta shi ne, Najeriya tana da maƙwabciya mai amfani da shi. Ikwatoriyal Gini, wadda tsibirinta na Biyoko ke kudu da gaɓar tekun Kalaba, Sifaniya ce ta mulke ta har zuwa 1968. Dubban 'yan Najeriya, galibi daga kudu maso gabas, sun yi ƙwadago a gonakin koko na tsibirin tun zamanin mulkin mallaka, suna kiran wurin Fanya, daga sunan España, har zuwa lokacin da gwamnatin Najeriya ta kwaso su a 1975 da 1976 saboda azabar mulkin Macías Nguema. A watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya je Malabo, inda ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar shimfiɗa bututun iskar gas. Sifaniya kuma ta daɗe cikin manyan masu sayen ɗanyen mai da gas na Najeriya.

Duk da haka, ɗalibin Najeriya ba ya haɗuwa da wannan harshe a jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB. Faransanci da Larabci ne harsunan wajen da ke cikinsu. Idan aka tsallaka iyaka zuwa ƙasashen da Faransa ta raina, lamarin ya sha bamban. Tsarin karatun da suka gada ya tanadi ɗalibin sakandare ya ɗauki harshen waje na biyu bayan Ingilishi, yawanci Sifaniyanci ko Jamusanci. Shi ya sa Kwaddebuwa da Benin da Senegal da Kamaru da Gabon suke da ɗaliban Sifaniyanci masu ɗimbin yawa, har Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 domin yaɗa harshenta, ta buɗe cikakken reshe a Dakar a 2021. Matashin Kwatano da ke tsaye tsakanin mai zoɓo da mai saye, a makarantar gwamnati ya samo jarinsa.

Darasin da Faransanci ya bari

Kafin a yi zancen ƙaro wani harshe, ya kamata a duba yadda aka ƙare da wanda ake da shi. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya. Manufar ilimi ta ƙasa ta biyo baya ta ce dole ne a koyar da shi a firamare da ƙaramar sakandare. Tun kafin nan, a 1991, an kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry domin ɗaliban jami'a su je su zauna cikin harshen, kamar yadda aka kafa na Larabci a Ngala ta Jihar Borno.

Shekaru kusan talatin ke nan, kuma kowa ya san abin da ɗalibin makarantar gwamnati ke fita da shi: gaisuwar bonjour, da ƙirge zuwa goma idan ya yi ƙoƙari. Ƙarancin malamai shi ne dalilin da aka fi ambata, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Ana koya wa yaro harshen da bai sani ba ta hanyar wani harshen da bai gama ƙwarewa a kansa ba. Malami zai rubuta kalmar Faransanci a allo, ya rubuta ma'anarta da Ingilishi, yaro kuma ya juya ta zuwa Hausa a cikin kansa kafin ta zauna. Kowace kalma sai ta bi ta shingaye biyu. Daga nan sai a haddace jadawalin aikatau domin jarrabawa, a manta da shi kafin hutu ya ƙare.

Abin ya fi ciwo a wannan yanki, domin Ƙaramar Hukumar Zurmi tana da iyaka da Nijar, kuma hanyar Ƙaura zuwa Zurmi ita ce ke ɓullewa Jibiya, daga nan sai Maraɗi. A kasuwa Hausa ta wadatar, ba a buƙatar tafinta tsakanin Bazamfare da Bagobiri ko Bakatsinen Maraɗi. Amma takarda ba ta jin Hausa. Ta kwastan, da ta asibiti, da ta kotu, da shaidar kammala karatu, duk da Faransanci ake rubuta su. Ko bayan da mahukuntan soja na Nijar suka ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a 2025, sun bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Dubban iyalan da rikicin 'yan bindiga ya kora daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Maraɗi tun daga 2019 sun san wannan fiye da kowa.

Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a ajiye Faransanci a ɗauko Sifaniyanci a Ƙaura. Ta fuskar buƙata, Faransanci ne a gaba da nisa. Amfanin duba Sifaniyanci shi ne yana nuna, ƙarara fiye da kowane harshen Turai, irin asarar da ake tafkawa idan aka bar Hausa da Larabci a bakin ƙofar aji.

Guzurin da ɗalibi ke shigowa da shi

A fara da wasula. Sifaniyanci yana da biyar: a, e, i, o, u, kuma kowane ana furta shi yadda aka rubuta, kamar dai a rubutun boko. Ɗalibin da ya iya karanta jaridar Hausa zai iya karanta casa, mesa, camino da luna daidai a ranarsa ta farko, bai san ma'anarsu ba tukuna. Ba'amurke kuwa sai ya yi watanni yana fama da bakinsa, domin wasulan Ingilishi lanƙwashewa suke yi. Idan malami ya fara bayani da yadda ake furta harafi a Ingilishi, ya ɗauko wa ɗalibin Zurmi matsalar da ba tasa ba.

Sai harafin r. Sifaniyanci yana bambanta pero, wato amma, da perro, wato kare. Na farko harshe sau ɗaya yake taɓa dasashi, na biyu kaɗawa yake yi. Wannan shi ne tsaunin da Turawan Ingila ke kasa hawa. Bahaushe kuwa da r iri biyu ya tashi: bara mai yi wa ubangidansa hidima daban, bara ta almajiri daban, ko da yake rubutun boko bai raba su ba. Ba daidai suke da na Sifaniyanci ɗari bisa ɗari ba, amma kunnen da ya saba rarrabe biyu ba zai sha wuya ba. Harafin ñ shi ne sautin da ke tsakiyar kalmar hanya. Harafin j kuwa, kamar a sunan Juan, duk wanda ya yi karatun allo ya san shi, domin kusan shi ne harafin da ke farkon kalmar khairi a Larabci.

Inda abin ya fi armashi shi ne jinsi. Ingilishi ba ya raba sunayen abubuwa zuwa namiji da mace, don haka littattafan da aka rubuta domin ɗaliban Landan da Niyok sukan ɓata babi guda suna lallashin mai karatu ya yarda cewa tebur na iya zama mace. Bahaushe bai taɓa shakkar cewa riga mace ce, wando namiji ba. Abin mamaki ma, alamar kusan iri ɗaya ce: a harsunan biyu yawancin sunayen mata da wasalin a suke ƙarewa. Yaro da yarinya, niño da niña. Sifa ma tana bin jinsin abin da ta siffanta: farin doki da farar riga, caballo blanco da camisa blanca. Har togaciyar ta yi kama. Gida da ruwa da suna sun ƙare da a amma maza ne, haka día da mapa da problema.

A nan ne kuma malami zai ja kunnen ɗalibi, domin sanin cewa akwai jinsi bai nuna jinsin kowace kalma ba. Rana mace ce a Hausa, wata namiji. A Sifaniyanci an juya, sol namiji, luna mace. Gida namiji ne, casa mace. Kuskuren da ɗalibin Ƙaura zai yi a nan daban yake da na ɗalibin Amurka, kuma littafin da aka shigo da shi daga waje bai san da shi ba.

Akwai wani babi da ya yi ƙaurin suna wajen wahalar da masu koyo, wato bambancin ser da estar. Ingilishi da kalma ɗaya yake fassara su, shi ya sa ɗalibansa ke ruɗewa. A gwada da Hausa. Musa malami ne: Musa es profesor. Musa yana Ƙaura: Musa está en Kaura. Inda Hausa ta sa ne ko ce, galibi ser ne. Inda ta sa yana ko tana domin nuna wuri ko halin da ake ciki, galibi estar ne. Ƙa'idar ba ta rufe kowace kafa ba, amma ta share fiye da rabin hanya cikin minti biyar. Haka batun girmamawa: Sifaniyanci yana da tú na tsara da usted na manya, kamar yadda yaro mai tarbiyya ba ya ce wa dattijo kai, sai ku.

Sarrafa aikatau shi ne aikin da babu gajeriyar hanya a cikinsa. Hausa tana sa alamar mai aiki da lokaci a gaban aikatau: na tafi, ka tafi, sun tafi. Sifaniyanci a wutsiya yake sa ta: hablo, hablas, hablan. To amma ɗalibin da ya zauna gaban malamin zaure ya yi karatun sarfu ya riga ya saba da kalmar da ke sauya kama gwargwadon mai aikata ta. Abin ba baƙo ba ne a wurinsa, sabon salo ne kawai.

Tsohuwar dangantaka ta Andalus

Musulmi sun shiga tsibirin Iberiya a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa ya faɗi a 1492. Ƙarni kusan takwas ba ya wucewa bai bar sawu a baki ba. Masana suna ƙiyasta kalmomin Sifaniyanci masu asali da Larabci da kimanin 4,000, idan aka haɗa da sunayen wurare. Hausa ma daga wannan rijiyar ta sha, don haka kalmomi da dama 'yan uwan juna ne da suka rabu a hanya. Alcalde, wanda yau ke nufin magajin gari, shi ne alƙali. Azúcar sukari ne, aceituna zaitun, almizcle almiski. Cero da cifra daga tushen da ya ba Hausa sifiri suka fito. Hasta ita ce hatta. Alcohol, duk da inda ma'anarsa ta karkata daga baya, daga sunan kwalli ya samo asali. Idan Basifaniye ya ce ojalá yana fatan wani abu ya tabbata, sunan Allah ne a bakinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Dangantakar ta wuce kalmomi. Littattafan da malaman zaure na Ƙaura da Shinkafi da Moriki ke karantarwa, da yawansu mutanen can ne suka wallafa su. Alfazazi mai Ishiriniya a Ƙurɗuba aka haife shi, garin da yau ake kira Córdoba. Ibn Malik mai Alfiyya ɗan Jayyan ne, wato Jaén. Alƙali Iyal mai Ashafa, wanda ake karantawa a watan azumi, a Sabta aka haife shi, garin da yau ke hannun Sifaniya da sunan Ceuta, kuma ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Tuhfa, wadda alƙalan Arewa suka daɗe suna dogaro da ita, aikin Ibn Asim ne na Garnaɗa. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a nan ta hannun Yahaya bin Yahaya na Ƙurɗuba ta zo. Shaɗibi na ilimin ƙira'a kuwa ɗan Shaɗiba ne, garin Xàtiva, a lardin nan na Balensiya da ke sayen ayar Maraɗi.

Dole a faɗi gaskiya: waɗannan malamai da Larabci suka yi rubutu, kuma sanin Ishiriniya ba ya sa mutum ya iya tambayar farashi a Madrid. Amma malamin harshe ya san cewa rabin aikinsa shi ne kawar da jin cewa abin na wasu ne. A yankin da har yanzu wasu iyaye ke kallon duk wani ilimin Turawa da ido ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne ɗalibi ya buɗe taswirar Sifaniya ya tarar da garuruwan malamansa, ya gane cewa kogin Guadalquivir shi ne Wadil Kabir, Gibraltar kuma Jabal Ɗariƙ.

Har ajami suna da shi. Musulmin da suka rage bayan faɗuwar Garnaɗa sun riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, ana kiran rubutun aljamiado, kalmar da tushenta ɗaya da ajami. Sun ci gaba da yin sa a ɓoye har aka kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. A 1884 aka tarar da tarin irin waɗannan littattafai ɓoye cikin wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra, lokacin da ake gyaransa.

Matasa kuwa ba su buƙatar a kai su ƙarni na goma sha uku. Gidajen kallon ƙwallo sun riga sun cusa musu sunayen Real Madrid da Barcelona da Sevilla, sun san El Clásico, sun san Sadiq Umar ɗan Kaduna ya buga wa Almería da Real Sociedad. Malamin da ya raina wannan ƙofa ya yi wa kansa.

Inda bakin ke tuntuɓe

Matsala ta farko p da f. Hausa ba ta raba su, Sifaniyanci kuwa yana rabawa: puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa, pino itace ne, fino abu mai laushi ko siriri. A Zamfara abin ya ƙara nisa, domin inda Bakano zai ce fari da tafi, Bazamfare hwari da tahi yake cewa. Wani abin ban sha'awa shi ne Sifaniyanci kansa ya bi irin wannan hanya ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kalmomin Latin masu farawa da f sun koma h a bakin mutanen Kastila, daga baya ma h ɗin ya yi shiru: inda Faransanci ya riƙe farine da fils da faire, Sifaniyanci yana da harina da hijo da hacer. Ɗalibin Shinkafi da aka saba yi wa dariyar karin harshensa a Kano zai ji daɗin sanin haka. Amma jin daɗi ba zai raba masa p da f ba, sai atisayen baki na makonni.

Ta biyu, baƙaƙe masu cunkuso. Hausa ba ta son baƙi biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa ta mayar da bread burodi. Haka tres zai koma tires, plaza ta koma filaza, idan ba a tsaya a kai ba. Ta uku, tarkon rubutun boko: c a Hausa ita ce ch ta Sifaniyanci, alhali c tasu wani lokaci k ce, wani lokaci s, h kuma ba a furta ta sam. Ta huɗu, Hausa da hawa da saukar murya take bambanta kalmomi, Sifaniyanci da nauyin gaɓa: hablo ina magana, habló ya yi magana. Waɗannan su ne ainihin darussan zangon farko a ajin Hausawa, kuma malamin da bai san Hausa ba zai daɗe bai gane daga ina kurakuran ke fitowa ba.

Lissafin awoyi, malami da hanya

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Sifaniyanci cikin harsuna mafi sauƙi ga mai jin Ingilishi, amma duk da haka ta ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na zaman aji kafin mutum ya iya aiki da shi. A kwatanta da abin da kwas na gama-gari ke samu a babbar makaranta: awa biyu a mako, mako 15 a zango, zango huɗu na ƙaramar difloma. Awa 120 ke nan, idan ba a yi yajin aiki ba, ba a kuma rufe makaranta ba. Wannan zai kai ɗalibi matakin gaisuwa da ƙirge da karanta gajeren saƙo. Duk shugaban makarantar da ya yi alkawarin fiye da haka, Faransancin 1996 zai maimaita.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne kada a watsa harshen a kan ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya da lasifika. Harshe ba ya shiga ta kunne kaɗai, sai baki ya motsa, kuma ajin da ya wuce mutum ashirin zuwa talatin ba kowa zai samu yin magana ba. Gara a zaɓi 'yan kaɗan da suka nema da kansu, daga sassan kasuwanci da noma da gudanar da ofis, a ba su awoyi masu yawa, a buɗe ajin yamma ga 'yan kasuwa da ma'aikatan kwastan da shige da fice. Akwai kuma jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, wadda ake amincewa da ita a duniya, don haka makaranta ba ta buƙatar ƙirƙiro ma'auninta.

Malami shi ne babban ƙalubale. Ba lallai ne a nemo shi daga Madrid ba, kuma da wuya ya zo. Kamaru da Benin suna yaye malaman Sifaniyanci, kuma duka ƙasashen biyu suna da al'ummomin da ke jin Hausa. Wanda ya haɗa Hausa da Faransanci da Sifaniyanci a baki ɗaya ya fi amfani a Ƙaura nesa ba kusa ba, domin zai iya riƙe azuzuwan biyu, ya kuma nuna wa ɗalibi cewa harsunan nan biyu uwa ɗaya ta haife su, wanda ya kama ɗaya ya rage wa kansa wahalar ɗayan.

Sai dai wa zai yarda ya zo? Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi sun shafe shekaru cikin barazanar masu garkuwa da mutane. An kai hari makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki a 2019, an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2023. Maraɗi, wadda ta fi Badagry kusa nesa ba kusa ba, da ita ce wurin da ɗalibin Faransanci zai je ya yi wata guda yana jin harshen a ofis da rediyo, amma tsakanin 'yan bindiga da rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, wannan tafiya ta zama abin tunani biyu. Ana iya cewa a koma intanet, malami yana Kano ko Marwa, ɗalibai suna Ƙaura. Yana yiwuwa, amma mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar aka kuma rufe kasuwannin mako. Tsarin da zai ɗore a nan shi ne wanda darasinsa ke zaune cikin wayar ɗalibi, muryoyi da gajerun hirarraki da aka naɗa, waɗanda za a iya tura wa juna ko babu sabis.

Abin da za a naɗa ɗin ma sai an zaɓa. Littattafan da ake bugawa a Turai da hirar yawon buɗe ido suke farawa: neman ɗaki a otal, odar abinci, tambayar hanyar gidan tarihi. Ɗalibin Ƙaura kalmomin da ke kan takardar kaya yake buƙata: peso nauyi, precio farashi, muestra samfur, humedad danshi, plaga ƙwari, factura takardar kuɗi, aduana kwastan. Wannan ta ƙarshe ma daga diwani ta fito. Da ɗari biyu ko uku na irin waɗannan, da jimlolin da ke ɗauke da su, matashin da mahaifinsa ke tara zoɓo ko aya a sito zai iya karanta saƙon mai saye da idonsa, ya ga ko farashin da dillali ya faɗa masa shi ne wanda aka rubuto daga Meziko.